Sauya gida da dabba: Abin da mai kyanwa da kare da tattabaru ya kamata ya sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Jega, inda hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, ya san irin motar nan: a-kori-kura shaƙe da katifu da kujeru da tukwane, a can ƙarshen kaya an cusa kejin kaji, ga tunkiya ɗaure a jikin ƙarfe tana haki. Iyali ne ke ƙaura. Sau da yawa kafin su cika mako biyu a sabon gida kyanwa ta ɓace, tattabaru sun koma inda suka fito, tunkiya kuma ta fara zawo.

Ƙaura ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, ma'aikata masu yawa sun kwashe iyalansu zuwa Birnin Kebbi da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a Aliero a 2006 ya jawo malamai da ma'aikata daga nesa. Kasuwar Jega da cinikin albasar Aliero na jawo 'yan kasuwa daga ƙauyuka zuwa cikin gari, ambaliya irin ta 2020 kuma takan tayar da mutane ba shiri. A duk wannan kai-komo, dabbar gida ce aka fi mantawa da ita wajen lissafi.

Me dabba ta ɗauka gida?

Bahaushe ya ce sabo turken wawa. A wurin dabba kuwa sabo shi ne rayuwarta baki ɗaya, kuma kowace iri da abin da ta saba da shi. Kyanwa, wadda Kanawa ke kira mage, a wasu sassan ƙasar Sakkwato da Kabi kuma ake ce mata mussa, wuri ta riƙe. Tana goga kumatunta a bango da ƙafar gado tana barin wani ƙanshi da hancin mutum ba ya ji, da shi take gane iyakar ƙasarta. Kare mutum ya riƙe: inda ubangidansa yake, nan ne gida, muddin an ba shi kwanaki ya natsu. Tattabara ɗakinta da sheƙarta ta riƙe, kuma tana da baiwar gano hanya daga nesa. Tunkiya da akuya garke suka riƙe, da kuma irin abincin da cikinsu ya saba da shi.

Wanda ya fahimci wannan bambanci ya gama rabin aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki dukkan dabbobin gida kamar kaya iri ɗaya, a sauke su a tsakar gida ranar tarewa, a bar ƙofa a buɗe.

Kafin ranar tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiri nagari yana farawa ne kimanin wata guda kafin ƙaura, kuma abubuwa uku ya ƙunsa.

Na farko, magana da mai gida. Wanda zai shiga gidan haya ya faɗi irin dabbar da yake da ita da yawanta tun kafin ya biya kuɗi, musamman a gidan da ake zaman haɗaka. Kare ne ya fi jawo saɓani, sai awaki, sai tattabaru saboda kashinsu a kan rufin kwano da shanyar mutane. Idan an amince, a rubuta a takardar haya. Ta fuskar doka, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Saboda haka wanda ya tashi daga Maiyama zuwa Jega ya shiga ƙarƙashin wata hukuma dabam, kuma sashen gona na sakatariya ne wurin tambayar ƙa'idar da ake bi.

Na biyu, rigakafi. Allurar ciwon haukan kare ana fara yi wa kare da kyanwa ne daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk shekara. Jiki yana buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin kariya ta kankama, don haka allurar da aka yi ana gobe tafiya ba ta riga ta fara aiki ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa wannan allura, da ta annobar tumaki da awaki, da ta cutar kaji. Ana samun su ta hannun asibitocin dabbobi na gwamnati da likitoci masu zaman kansu. Idan matsala ta fi ƙarfin na kusa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A karɓi katin allura a ajiye shi tare da takardun gida, domin ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci shi za a fara nema.

Na uku, duba sabon gida da idon dabba. A zaga katanga a nemi rami da kafar magudanar ruwa. A rufe rijiya da bakin masai. A tambaya ko wanda ya tashi ya ajiye kaji ko kare, domin ƙuma na iya kwanciya watanni a cikin ƙura ba tare da ta ƙyanƙyashe ba, sai ta ji motsi da ɗumin jiki ta fito. Kaskar kaji ma tana ɓuya a tsagar bango ta daɗe ba ta ci ba. A share, a yi feshi, a bar gida ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a kawo dabba.

Ranar tafiya

Zafi ne babban makashi a hanya. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kebbi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma kare da kyanwa ba sa gumi kamar mutum, haki ne hanyarsu ta rage zafi. Tsuntsaye sun fi su rauni. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba, ko bayan La'asar sakaliya. Kada a sa dabba a but ɗin mota a rufe, kada a cusa kyanwa a buhu a ɗaure baki, kada kuma a bar ta a cikin mota a tsaye gilashi a rufe da sunan za a shiga kasuwa a fito.

Kyanwa a kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huhhuda, a shimfiɗa mata tsumman da ta saba kwanciya a kai. Kare a ɗaure shi da igiya gajera a inuwa, kusa da wanda ya sani. A daina ba su abinci sa'o'i huɗu zuwa shida kafin tashi saboda amai, amma ruwa kada a hana. Kaji da tattabaru a keji mai iska, kada a cunkusa, kuma a guji ɗaure ƙafafunsu a rataye su kai ƙasa a jikin babur. Tumaki da awaki su samu wurin tsayawa, a zuba yashi ko ciyawa a ƙasan mota don kada su zame. Mai tsohon ciki a jinkirta mata tafiya har ta haihu, in da hali.

Akwai wata dabara mai sauƙi: dabba ce ya kamata ta zama ƙarshen fita daga tsohon gida, amma a kulle ta a ɗaki guda tun kafin masu ɗaukar kaya su iso. Kyanwa da yawa ba a sabon gida suke ɓacewa ba. Tun da safe suke tserewa daga hayaniyar kwasar kaya, mota ta tashi ba a gan su ba.

Kyanwa

Da an isa, a kai ta ɗaki ɗaya a rufe, a ajiye mata ruwa da abinci da tasar yashi da za ta riƙa bayan gida, da wani lungu da za ta ɓuya. Ta iya yin kwana ɗaya ko biyu ba ta ci sosai ba, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan ta wuce haka, a nemi likita, domin doguwar yunwa na taɓa hantar kyanwa. Bayan kwana uku ko huɗu a bar ta ta zaga sauran ɗakuna. Fita waje sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma fitar farko ta kasance da rana, kafin a ba ta abinci, yadda yunwa za ta dawo da ita. Ana iya goga tsumma a kumatunta a shafa a kusurwoyin ɗaki, ƙanshinta zai riga ta zama a gidan.

Wasu na ƙyamar kulle kyanwa saboda hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba a kan kyanwar da ta tsare. Abin da aka zarge ta da shi shi ne ta kulle ta ba ci ba sha har ta mutu. Tsarewar kwanaki tare da ciyarwa, don kare ta daga ɓata, ba ta shiga wannan babi ba.

Ƙaurar kusa ta fi ta nesa wahala. Kyanwar da aka kai daga Aliero zuwa Birnin Kebbi ba ta da zaɓi sai ta saba. Wadda aka sauya wa unguwa a cikin garin Jega kuwa tana iya bin ƙanshin tsohuwar hanyarta ta koma. A roƙi waɗanda suka shiga tsohon gidan kada su ba ta abinci, su aiko a ɗauke ta. A kuma nuna ta ga maƙwabtan sabon gida, domin a wurare da dama baƙuwar kyanwa, musamman baƙa, jifa take sha saboda camfi.

Kare

Yawancin masu kare a wannan yanki don gadi ko farauta ko kiwo suke ajiye shi, kuma irin wannan kare ya saba da yawo. A sabon wuri zai tarar da karnukan da suka riga shi, kuma faɗan neman iko ba makawa. A nan haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Saboda haka a ɗaure kare ko a killace shi na mako biyu na farko, a riƙa zagayawa da shi da igiya safe da yamma har ya san unguwa. A ci gaba da ba shi abinci a lokacin da ya saba, a cikin kwanon da ya saba. Haushi da kuka na daren farko kan ragu da kansu, duka kuwa ƙara masa tsoro yake yi, kuma karen da ke cikin tsoro ya fi saurin cizo. A gargaɗi yaran unguwa, domin su ne ke zuwa kallon baƙi ranar tarewa.

Idan an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran alama. Karen kuma kada a yi gaggawar kashe shi. A killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin halin da ya shiga a waɗannan kwanaki ne zai nuna ko yana ɗauke da cutar lokacin da ya yi cizon.

Tattabaru da kaji

Babbar tattabara da aka saki washegarin ƙaura ta tafi ke nan. Tattabarun tsere na Turai kan dawo gida daga ɗaruruwan kilomita. Namu na gida ba su kai haka ba, amma tazarar da ke tsakanin Jega da Aliero ba komai ba ce a wurinsu. Masu kiwo kan rufe su a sabon ɗaki mako huɗu zuwa shida, da wata taga ta waya da za su riƙa hango waje. Abin da ya fi riƙe su shi ne ƙwai: namiji da mace duka suna kwanci, ƙwai kuma na ƙyanƙyashewa a kwana 17 zuwa 19, don haka waɗanda suka yi sheƙa a sabon ɗaki ba sa son barin ta. Sakin farko a yi shi da yamma, suna jin yunwa, kaɗan-kaɗan. 'Yan shila da ba su taɓa tashi a tsohon gida ba su ne suka fi saurin sabawa.

Kaji da zabi sun fi sauƙi. Kwana uku zuwa mako guda a akurki ya ishi kaza ta san makwancinta, zabuwa kuwa tana buƙatar fiye da haka. Matsalarsu ita ce cuta. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin gida musamman lokacin hunturu, tana iya ɓuya a jiki har mako biyu kafin ta bayyana. Murar tsuntsaye ma, tun da aka fara tabbatar da ita a Najeriya a wata gona a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, tana dawowa lokaci-lokaci. Kada a haɗa kajin da aka zo da su da na maƙwabta sai bayan mako biyu zuwa uku.

Rago da akuya

A gidaje da yawa ragon layya ko akuyar uwargida su ne dabbar da yara suka fi shaƙuwa da ita, kuma su ne asusun gida. Cikinsu yana narka abinci ne da taimakon wasu ƙananan halittu da ke buƙatar lokaci kafin su saba da sabon abinci. Tunkiyar da ta saba da kiwon daji a ƙauye, aka kawo ta gari aka cika mata kwano da dusa da ragowar tuwo, kumburin ciki ko zawo ne zai biyo baya. A zo da harawa da dusar da za ta kai kwana 10 daga tsohon gida, a riƙa gauraya sabon abinci a hankali.

A ware su daga dabbobin unguwa na mako uku, saboda annobar tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942, alamunta kuma zazzaɓi ne da majina da gyambon baki da zawo. Allura ɗaya tana ba da kariya ta shekaru. A cikin gari akwai ƙarin haɗarin leda, wadda dabba ke haɗiya a juji ta taru a tumbi har ta rame ta mutu. Wanda ya tare da damina kuma ya tuna cewa lokacin ɗaure dabbobi ne: akuyar baƙo a gonar mutane mummunar gaisuwa ce. Idan dabbobin suna da yawa kuma za a tsallaka jiha da su, a nemi takardar izinin tafiya daga ofishin likitan dabbobi, kamar yadda dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta tanada.

Gubar da ke cikin gida

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa. A garin da ake jibge albasa a zaure da tsakar gida kamar Aliero, da gidan da ake zuba wa dabba ragowar miya, wannan abin lura ne. Alamar ita ce kasala da farin dasashi da fitsari ja, kuma takan ɗauki kwanaki kafin ta fito.

Maganin ɓera da ake barbaɗawa a sabon gida yana kashe kyanwa da kare da kaji, ko sun ci shi kai tsaye ko sun ci ɓeran da ya ci. Farasitamol, wanda wasu ke ba dabba don gajiyar hanya, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Wasu magungunan kaska da aka yi don kare da shanu ma guba ne gare ta. Kada a ba dabba maganin mutane ko maganin barci don tafiya sai da umarnin likita.

Tsallaka iyaka

Kebbi na iyaka da Nijar da Benin, kuma 'yan kasuwa da yawa na da gida biyu. Fita da dabba ko shigowa da ita na buƙatar takardar lafiya da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa. Ƙasashen Tarayyar Turai na neman a dasa wa kare ko kyanwa 'yar na'ura mai lambar shaida a ƙarƙashin fata, a yi allurar haukan kare, a gwada jini bayan aƙalla kwana 30, sannan a jira wata uku. Mai aku ya yi hattara: tun daga Janairun 2017 aku mai ruwan toka da jan wutsiya yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo shi, kuma ko na gida ne ba ya tsallaka iyaka sai da izini na musamman.

Idan ba za a iya tafiya da ita ba

Wani lokaci mai gidan haya ya ƙi, ko gidan ma'aikata ba shi da fili. Tumaki da kaji da tattabaru suna da kasuwa, ko a ba wani kiwo bisa yarjejeniyar da aka saba. Kyanwa da kare ne aka fi watsarwa, a kulle gida a tafi, ko a kai su bayan gari a saki. Dabbar da ta saba da kwano ba ta iya ciyar da kanta yadda ake zato, kuma karen da aka yasar shi ne ke shiga garken karnukan juji da ba a yi wa allura, inda ciwon hauka ke yawo ya dawo kan yaran gari. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa ma ta haramta azabtar da dabbar gida.

Mafita ita ce a nema mata sabon ubangida tun da sauran lokaci. Ga kyanwa, wanda zai shiga gidan ko maƙwabci na jikin katanga ya fi dacewa, tunda wurin ta riƙe. Ga kare, a zaɓi wanda ya riga ya sani, a kai shi mako guda kafin tashi, tare da kwanonsa da igiyarsa da katin allurarsa, a kuma faɗa wa mutumin watan da za a sake yi masa allura.